Katin Mai Magani

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun shekaranjiya, to ga shi nan, ku sarara min haka. Ke kuma da kika rantse Yaya Dogo ya fi kowa kirki a gidan nan, karanta na yau tukuna, sai ki dawo mu yi magana.

*

Takardar ce ta fara tona asiri.

Auta ta san yadda ta naɗe kayarta. Gida uku ta yi mata irin na wasiƙa, ta cusa ta can ƙasan jakar aikinta, ƙarƙashin safar hannu da abin awon jini. Amma yau da safe da ta zaro ta, sai ta tarar da ita a naɗe gida takwas, kusurwa kan kusurwa.

Mutum ɗaya ta sani mai naɗe takarda haka. Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana zana taswira a ofishin safiyo, ko takardar cikin kwalin magani ya samu, naɗin taswira yake mata. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne hannunsa. Shekara huɗu ke nan ciwon karkarwa ya kama shi, cokali ma sai ta riƙe masa. Minti nawa ya ɗauka yana wannan naɗin?

Makarantar safiyo da zanen taswira ce ta rubuto mata, can wani gari mai tafiyar yini guda. Sun ba ta gurbi na shekara uku, suna jiran amsa kafin sha biyun ranar Litinin. Yau Asabar. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san tambayar da za ta biyo baya: in ta tafi, wa zai zauna da Baba?

Ta yi ta jira ya yi mata maganar. Ya sha maganin safe, shiru. Ya sha na rana, shiru. Sai ma ya ce ta aske masa gemu, ta ɗauko masa tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa ofis.

"Baba, baƙi za mu yi ne?"

"Asabar ce ai."

"Asabar nawa aka yi ban ga ka sa kwat ba."

"To yau kin gani."

Ruwa dai ba ya tsami banza. Da ta shiga ɗakinsa ɗauko tabarau, ta ɗaga kai ta ga saman durowa wayam. Akwatinsa mai ruwan toka, wanda ya fi shekara goma a wurin, babu shi, sai shatinsa a cikin ƙura.

Ƙarfe huɗu yayyenta biyu suka iso kamar kowace Asabar. Yaya Dogo da warin man inji, duk da ya rantse ya yi wanka bayan ya rufe gareji. Yaya Lauya da waya manne a kunne, tana ce wa wani ya jira Litinin, yau ba ta kowa ba ce.

A gidan nan, yammacin Asabar na tebur ne. Ana kwashe kwanuka daga teburin cin abinci, Baba ya zauna a can ƙarshen teburin, ya kafa kwalin da ke kare littafinsa da taswirarsa. Shi ne Mai Labari. Shi zai ce ga inda kuke, ga dajin da kuka shiga, ga dodon da ya tare gada. Kowa kuma da mutumin da yake wakilta a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, a jefa dayis mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ce alƙali. Makon jiya suka kammala labarin da suka yi shekara uku suna ja. Yau sabon labari, don haka yau ranar zaɓen kati ce.

Auta ta ajiye shayi da biskit, ta buɗe gwangwanin, ta jera katunan guda biyar. Baba ne ya yanka su da kwali tun kafin a haife ta, ya zana kowanne da alƙalamin taswira.

Jarumi, mai takobi da garkuwa.

Mai Sihiri, da sandarsa.

Mawaƙi, wanda sau ɗaya aka taɓa ɗauka, ranar da mijin Lauya ya zo ya ce zai gwada, ya rera waƙa ɗaya Baba ya sa dutse ya faɗo masa a ka.

Mai Magani, da ƙullin saiwoyi. Ya yi baƙi don shan hannu, gefensa duk salatif.

Sai Mai Leƙen Hanya, mai baka da shaho a kafaɗa, wanda yake shiga gaba ya gano hanya kafin kowa. Fes yake kamar jiya aka yanka shi, don ba wanda ya taɓa ɗaukarsa.

"Ni dai ba sai na wahalar da ku ba," in ji Dogo, ya miƙa hannu wajen Jarumi.

"Ajiye hannunka," in ji Baba.

Dogo ya tsaya. "Ban gane ba. Ba babba ne yake fara zaɓa ba?"

"Da can. Yau daga ƙasa za a fara."

Lauya ta kife wayarta a tebur. "Baba, ba a canza doka ranar shari'a."

"Wa ya kafa dokar?"

"Kai."

"To alƙali ya sake shawara. Ɗaukaka ƙara kuma sai Asabar mai zuwa." Ya juya. "Auta, zaɓi."

Dogo ya yi dariya ya jingina da kujera. "Duk ɗaya ne ai. Ko daga sama aka fara ko daga ƙasa, kowa ya san gidansa. Auta, ɗauki ƙullin maganinki mu wuce, ina son in ga sabuwar taswirar nan."

"Kafin ki taɓa," in ji Baba, "maimaita min doka ta biyu."

Auta ta dube shi. Murya a sanyaye ta ce, "Kati in ya bar tebur ba ya komawa sai labari ya ƙare."

"Sai dai?"

"Sai dai in wani ya karɓa daga hannun mai shi, da yardarsa."

"Madalla. Zaɓi."

Shekara goma sha tara tana zama a kujerar nan, ba a taɓa ce mata zaɓi ba. Kullum kafin layi ya zo kanta an riga an turo mata Mai Magani gabanta, har da murmushi, kamar an yi mata alfarma. Yanzu ga katuna biyar a gabanta, sai ta ji hannunta ya yi nauyi. Ta saci kallon Baba ko za ta karanci wani abu a fuskarsa. Agogon bango yake kallo.

Me yake jira ne wai?

Ta miƙa hannu. Ta wuce Mai Magani. Ta ɗora yatsa biyu kan Mai Leƙen Hanya, ba ta ɗaga ba.

"Kai!" Dogo ya miƙe zaune. "Wasa kike, ko?"

"Tambaya nake so in yi. Baba, shi wannan me yake iya yi?"

Idon Baba ya ɗan yi haske. "Yana gani daga nesa. Yana karanta sawu. Ba ya ɓata a daji. Kuma shi kaɗai Mai Labari yake bari ya leƙa taswira kafin a shiga wuri."

"Yana leƙa taswira?"

"Shi kaɗai."

Tun tana ƙarama take miƙa wuya ta bayan kwalin nan don ta hango layukan da Baba yake ja, yana make mata goshi da fensir. Ashe akwai katin da yake ba da izinin hakan, yana nan kwance a gabanta duk shekarun nan.

"To wa zai yi mana magani?" in ji Lauya. "Ki yi tunani mana. Yaya Dogo ba ya iya ganin ƙofa bai doka ta da ka ba. Sau nawa kika tashe shi a labarin da ya wuce?"

"Sau goma sha ɗaya."

"Kin gani? Ba Mai Magani, ko gadar farko ba za mu tsallake ba."

"Ke ki ɗauka mana, Yaya."

Lauya ta yi wata 'yar dariya. "Ni? Ina ni ina haƙurin wannan? Kowa ya yi ta fafatawa, ke kina baya kina jiran wanda zai faɗi. Ai sai ke."

"Yaya Dogo fa?"

"Rufa min asiri. Ni da takobi aka san ni." Ya tura mata baƙin katin da ɗan yatsa har ya taɓa hannunta. "Kuma ke da kanki kika zaɓe shi tun farko. Kin manta? Kina 'yar shekara bakwai kika dinga kuka kina birgima sai da aka ba ki. Shi ya sa da kika gama sakandare ba mu sha wahalar shawara ba, muka ce wannan ai nas ce tun daga tebur."

Wannan labarin Auta ta ji shi ya fi sau ɗari. An ba da shi ranar da ta shiga makarantar jinya, an ba da shi ranar da ta fito, an ba da shi ranar da aka zauna shawarar wanda zai dawo gida ya kula da Baba, shawarar da ba ta kai minti biyar ba. Kullum murmushi take yi. Yau ta neme shi ta rasa.

"Ba haka aka yi ba," ta ce.

"Me?"

"Na yi kuka, gaskiya ne. Amma ba don ina son katin ba." Ta shafa gefen baƙin katin. "Asabar ɗin farko ce bayan rasuwar Mama. Katinta ne. Da a cinyarta nake zama ina jefa mata dayis. Ranar sai kuka ɗora ni a kujerarta, kuka danƙa min katinta a hannu. Na yi ta turewa kuna dawo min da shi. Ni a tunanina in na karɓa, shi ke nan ba za ta dawo ba."



"Ba ki taɓa faɗa ba," in ji Lauya a hankali.

"Ba a taɓa tambayata ba."

Dogo ya sosa ƙeya ya dubi Baba, yana neman mai ceto. "Baba, kai ma ai kana wurin. Ba ita ta nema ba?"

Baba ya gyara zama. Ya laluba aljihun kwat ɗinsa da kyar, ya fito da 'yar wuƙar da yake fiƙe fensir da ita, ya ajiye a gaban Auta. Sai da ta yi rawa a kan tebur kafin ya iya sakinta.

"Kin taɓa tambayata me ya sa katin Mai Magani ya fi sauran kauri."

"Ina aji uku. Ka ce don shi ya fi ɗaukar kaya."

"Ƙarya na yi miki. Yanka salatif ɗin gefen. A hankali, kada ki ci rubutu."

Rubutu?

Ta jawo katin ta juya shi a kan tebur. Sau dubu nawa ta riƙe shi, amma yau ne ta lura bayansa wani kwali ne daban, launinsa ma bai zo ɗaya da na gaban ba. Ta sa bakin wuƙar. Salatif ɗin ya tsufa, bai yi gardama ba. Dogo da Lauya suka matso har kawunansu na gogar juna.

Kwalin ya ɓare.

A ƙarƙashinsa akwai rubutu ƙanana, layi huɗu, kowanne da irin tawadarsa. Lauya ce ta fara gane hannun. Ta dafe baki.

"Rubutun Mama ne."

"Karanta, Auta," in ji Baba.

Na farko da shuɗin biro: "Labari na gaba Mai Leƙen Hanya zan ɗauka."

Na biyu da baƙi: "An ce yara sun yi ƙanƙanta, za su mutu a daji. Na gaba."

Na uku da fensir: "Na gaba dai."

Na huɗun hannun ya karkace, da gani a kwance aka rubuta shi. Auta ta karanta a zuci sau biyu kafin ta karanta a fili.

"In Auta ta isa zama a kujera, a bar ta ta zaɓa. Kada a ba ta saura."

Ba wanda ya motsa. Shayin Dogo ya yi sanyi a hannunsa.

"Kowane sabon labari sai ta ce min za ta canza," in ji Baba, idonsa a kan tebur. "Ni kuma in lallashe ta. In ce wannan karon kawai, tebur ba ya tafiya sai da ke. Sau uku ina cin nasara. Na huɗun kuma ba ta jira ni ba."

"Kai ka rufe rubutun?" in ji Lauya.

"Ni ne. A makon da ta rasu."

"Don me, Baba?"

"Tsoro." Ya faɗe shi kai tsaye, ba kwana. "Ku biyu kun fara girma, kowa ya kama gabansa. Teburin nan kaɗai yake tara min ku. Na san in ba Mai Magani wasan zai watse, in wasan ya watse gidan zai bi shi. Na ga yarinya tana ture kati, na san abin da take nufi sarai. Da Dogo ya ce so take yi, sai na yi shiru. Shirun nan ne ya kai shekara goma sha tara."

Auta ta so ta ji haushinsa, ta kuma ji. Amma tana kallon tsohon nan cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, hannunsa na bugun tebur ba da son ransa ba, sai tausayi ya zo ya zauna kusa da haushin, ta rasa wanda za ta saurara. Wata tambayar kuma ta ƙi barinta: me ya sa yau?

"Baba, ka karanta takardata."

"Na karanta."

"Wace takarda kuma?" in ji Dogo.

Ta tashi ta ɗauko ta daga jaka, ta miƙa wa Lauya. Lauya ta warware naɗin, idonta ya bi layukan da saurin wadda ta saba, Dogo yana leƙe ta kafaɗarta.

"Safiyo? Shekara uku?" Dogo ya ɗago. "Ke da aikinki a hannu? Yaushe kika nema?"

"Bara. Na yi jarrabawar ranar da na ce muku ina da aikin safe da na yamma."

"Litinin fa suka ce," in ji Lauya. "Jibi ke nan. Auta, wannan ai ba a yi shawara ba."

"Ga shi ana yi."

"To Baba fa?"

Ga ta nan, tambayar da ta sani tun ranar da takardar ta zo. Auta ta zuba musu ido.

Dogo ya fara. "Ni kun san gidana bene ne, hawa biyu. Ga yara huɗu, ga gareji tun bakwai na safe."

"Ni kuma kotu ba ta san uzuri ba," in ji Lauya. "Wani makon ma ba na gari. A nemo mai kula da shi mana."

"Uku aka kawo, uku ya kora," in ji Auta. "Ta ƙarshen cewa ya yi tana naɗe tawul kamar mai jin haushinsa."

"Haka take yi," in ji Baba.

"To ki ɗaga zuwa baɗi," in ji Dogo. "Makaranta ai ba guduwa za ta yi ba. Wannan karon kawai, kafin mu shirya."

Bai san abin da ya faɗa ba sai da ya ga Lauya ta runtse ido. Ya dubi katin da ke buɗe a tsakiyar tebur, layi na uku da fensir.

Auta ta ji wani abu ya daidaita a cikinta. Ta sa hannu ta ɗaga Mai Leƙen Hanya daga kan tebur gaba ɗaya, ta riƙe shi a ƙirji. Ba shi da nauyi ko kaɗan, gefensa har yana da kaifi don sabunta.

"Na zaɓa."

"Kati ya bar tebur," in ji Baba. Ya sake duban agogo. Biyar saura minti goma. "Lauya, ke ce."

Lauya ta daɗe tana kallon Mai Magani. Har hannunta ya nufe shi, Auta ta gani da idonta. Sai wayarta ta yi ƙara a kife, hannun ya karkata ya ɗauki Mai Sihiri.

"Dogo."

Dogo bai ɗaga kai ba. Ya jawo Jarumi a hankali kamar mai satar nama a tukunya.

Saura biyu a tebur, Mawaƙi da Mai Magani.

"To," in ji Baba. "Ba a shiga daji ba Mai Magani. Wannan dokar ba ni na kafa ta ba, daji ne ya kafa."

Ya miƙa hannu. Sau biyu yatsunsa suna kuskure katin, Auta ta yunƙura za ta taimaka ya girgiza mata kai. A na uku ya kama shi, ya ɗaga.

"Baba, Mai Labari ba ya ɗaukar kati," in ji Lauya.

"Na sauka daga Mai Labari. Ga littafi nan, ga taswira, ku san yadda za ku yi da su. Ni zan yi wa kaina magani."

"Kamar yaya?" in ji Auta. Sai akwatin ya faɗo mata a rai, da gemun, da kwat ɗin. "Baba, ina akwatinka mai ruwan toka?"

"Yana bayan ƙofar falo. Kwana uku ina haɗa shi in kin tafi aiki. Maƙwabcinmu ne ya sauko min da shi."

"Ina za ka?"

"Gidan kula da tsofaffi da ke bayan babban asibiti. Na yi musu waya da kaina ranar Laraba. Suna da ɗaki a ƙasa, taga tana kallon bishiya. Sun ce in zo in gwada wata guda, in ya yi min in zauna. Ƙarfe biyar motarsu za ta zo."

Dogo ya miƙe har kujerarsa ta kifa.

"Gidan tsofaffi? Da ranmu? Haba Baba! Me duniya za ta ce da mu?"

"Duniya ba ta taɓa zuwa ta ba ni maganin ƙarfe shida ba. Auta ce take zuwa."

"Wallahi ba za ka je ba!"

"To ina zan je? Bene hawa biyu?"

Dogo ya ɗaga kujerar da ta kifa, ya zauna.

Lauya hawaye take yi sosai, ba ta ko share su. "Ka sa hannu a wata takarda? Baba, gaya min ba ka sa hannu ba tare da na gani ba."

"Da wannan hannun? Sun ce in zo da wanda zai sa min. Na ce musu ina da lauya a gida."

Auta ta dubi katin da ke hannunta. Ɗazu ba shi da nauyi. Ta tuna Baba ba ya iya barci sai an bar fitilar baranda a kunne, ba ya haɗiye farin maganin sai an raba shi biyu, kuma in ya ce "ba komai" sau biyu a jere to ciwon ya kai maƙura. Wa zai san wannan a can? Tana son makarantar nan, tana son ta har cikin ƙashinta, yau ta yarda da hakan a gaban kowa. Amma ba ta taɓa zaton da wannan za a saya mata ita ba.

"Na fasa," ta ce, ta miƙa katin za ta ajiye. "Baba, na fasa. Ba ni nawa."

"Doka ta biyu."

"Baba, don Allah."

"Faɗe ta."

"Kati in ya bar tebur ba ya komawa." Ta dubi baƙin katin da ke hannunsa. "Amma ai ana karɓa daga hannun mai shi."

"Da yardarsa. Ke kam ban yarda ba. Na riga na yi wa mace ɗaya haka a gidan nan, ya isa." Ya juya ga sauran biyun, ya ɗaga baƙin katin sama, yana kaɗawa a hannunsa kamar ganye, rubutun Mama yana kallonsu. "Amma ku biyu, duk wanda ya miƙo hannu, na yarda tun yanzu."

Dogo ya dubi Lauya. Lauya ta dubi Dogo.

A waje aka ji mota ta tsaya, aka kashe inji. Ƙofar mota ta buɗe, ta rufe. Takun mutum biyu ya biyo ta baranda.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ba wanda ya motsa. Hannun Baba yana nan a sama, ya fara gajiya, yana sauka a hankali.

Aka sake ƙwanƙwasawa.

Baba ya dubi autarsa ta saman tabarau, da irin muryar da yake buɗe kowane sabon labari da ita ya ce:

"Ke ce Mai Leƙen Hanya yanzu. Tashi ki gano mana waye a bakin ƙofa."